Tura fayiloli tsakanin saba biyu da rsync: inda aikin ya yi mini gardama

Aikin da na ɗora wa rubutun shell ɗin da na rubuta (fayil mai jerin umarnin da kwamfuta ke bi) ba shi da yawa: kowane dare da ƙarfe 2 ya kwashe foldar ajiya daga saba ta farko zuwa ta biyu. Da scp, umarnin kwafar fayiloli tsakanin kwamfutoci, na fara, amma na bar shi, domin da layin intanet ya yanke sai a koma farko. Na koma rsync, wata manhajar kwafar fayiloli, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Shi abin da ya canza kawai yake aikawa, kuma in aka sa masa --partial ba ya zubar da rabin fayil ɗin da ya riga ya iso.

Na yi mabuɗin ssh, hanyar da saba ɗaya ke shiga ɗaya, da ssh-keygen -t ed25519 ba tare da kalmar sirri ba, tunda babu mai buga ta da tsakar dare. Irin wannan mabuɗin yana da haɗari, don haka a fayil ɗin authorized_keys, jerin mabuɗan da saba ta biyu ta yarda da su, na ɗaure shi da rrsync, mai taƙaita rsync, a kan folda ɗaya tak.

Da hannu komai ya tafi daidai. Da na miƙa wa cron, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara, shiru. Dalilai biyu ne. PATH ɗin cron, jerin foldojin da yake neman umarni a cikinsu, gajere ne, /usr/bin da /bin kawai, sai na rubuta cikakken adireshin kowane umarni. Sannan alamar % a cikin crontab, fayil ɗin jadawalin cron, tana nufin sabon layi, ita ta karya date +%F, umarnin kwanan wata da na sa a sunan fayil ɗin rahoto. Na mayar da wannan umarnin cikin rubutun shell ɗin kansa, na kuma ƙara -o BatchMode=yes don ssh ya fita da kuskure nan take in ya buƙaci amsa.

Babbar ɓarnar ta zo ne daga --delete, wanda ke sa rsync ya share a saba ta biyu duk fayil ɗin da babu shi a ta farko. Wani dare faifan ajiya bai hau ba bayan an sake kunna saba, foldar tushe ta zama fanko, rsync kuwa ya yi abin da aka umarce shi: ya share duk abin da ke ɗaya ɓangaren. Yanzu layin farko shi ne mountpoint -q /ajiya || exit 1, wanda ke tsayar da rubutun in faifan bai hau ba, sannan na ƙara wa rsync --max-delete=50, wanda ke dakatar da sharewa bayan fayiloli 50 ya fita da lamba 25, lambar da rsync ke bayarwa don nuna yadda aiki ya ƙare. Duk canjin da na yi sai na gwada shi da -n tukuna, wanda ke nuna abin da rsync zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. A kula da alamar / a ƙarshen sunan folda: ajiya/ tana tura abin da ke ciki, ajiya kuwa tana tura foldar kanta.

Ranar da layi ya yi nauyi, aikin jiya bai ƙare ba na yau ya taso a kansa. flock -n, mai hana sabon aiki tashi in na farko bai ƙare ba, ya magance wannan. Lamba 24 kuma na daina ɗaukar ta a matsayin faɗuwa, ma'anarta wasu fayiloli sun ɓace ana cikin kwashewa. Lamba 23, mai nufin wasu fayiloli ba su tafi ba saboda kuskure, ita ce nake sa ta aiko mini da saƙo.