Abin da na koya a ɗakin haihuwa a Legas

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma abin da ya fi tsaya min a rai halin ogarmu ne. A wurinta Bahaushiya ba ta jin zafin naƙuda, tunda ba ta ihu. Matanmu na Agege da Idi-Araba, musamman mai haihuwar fari, za ka ga ta damƙe ƙarfen gado, ta cije bakin mayafi, gumi na tsiyaya, ba abin da ke fita bakinta sai salati. Kunya ce aka raine ta da ita. Oga ta leƙo ta ce wannan ƙalau take, a kira likita ya duba mai kururuwa.

Alhali ga allurar epidural. Likita zai sa siririn bututu a ƙasan baya, cikin kamar minti 20 zafi ya lafa, mace na farke, ta yi nishinta in lokaci ya yi. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai lafiya in ta nema. To wa zai nemi abin da bai taɓa ji da harshensa ba? Ranar da na ja kujera na ce wa wata, "Yaya, akwai allura, ba laifi ba ne ki karɓa," ta yarda, likita ya yi mata, ta haihu lafiya. Ladana takardar gargaɗi, wai na yi shisshigi. Amma in za a shiga tiyata ana neman sa hannun maigida, ni ce tafinta.

Sauran darussan ƙannena a wurin aiki sun sani. Bayan allurar kashin baya ƙarfin bugun jinin mace, wato BP, kan sauka, don haka ƙarin ruwa ya zama a shirye, a karkata ta hagu, a yi ta awo. In ta ce zuciyarta na tashi, duba BP kafin ki miƙo robar amai. Ciwon kan da ke tsananta in ta zauna, ya sauka in ta kwanta, likita ake kira. Pethidine, wata allurar rage zafi, dab da haihuwa kan rage wa jariri numfashi. Mai tsoron shanyewar ƙafa a gaya mata cikin 'yan awoyi nauyin zai sake ta.

Takardar gargaɗin tana nan cikin fayil ɗina, ban kuma je roƙon kowa a cire ta ba.