Rediyo mai memori, iPod, Walkman ko SanDisk: wanne ke karanta wane fayil?

Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin sauraro da ake maido wa masu shago a kasuwar Gusau ko ta Birnin Kebbi ana cewa "ba ta yi", lafiyarsu ƙalau. An sa memori, na'ura ta yi gum, ko ta tsallake rabin abin da ke ciki. Mai saye ya ce an cuce shi, mai shago ya ce memorin ne ba shi da kyau, alhali matsalar tana ga irin fayil ɗin da aka zuba. Kowace na'ura da fayilolin da aka ƙera ta ta karanta. Don haka kafin a tambayi kuɗinta, a fara tambayar kai: abin da zan riƙa saurare, daga ina zai riƙa zuwa?

A nan wajenmu hanyoyin sanannu ne. Abin da masu turi ke zubawa a kasuwa, karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi ko waƙa, yawancinsa MP3 ne. Saƙon murya na WhatsApp kuwa Opus ne, ko da karatun malami ne aka ɗauka aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure. Sautin da ake cirowa daga bidiyon YouTube sau da yawa yakan zo a M4A, wanda AAC ne a cikinsa. Wanda aka naɗa da ƙaramar waya mai maɓalli kuma yakan zama AMR. Wayar Android tana kunna duka huɗun ba tare da ta ce uffan ba, shi ya sa mutum ba ya sanin sun bambanta sai ranar da ya cire katin ya sa a wata na'urar.

Rediyo mai memori, irin na ƙasar Sin da ake ratayawa a babur ko a tafi da shi fadama, shi ne ya fi kowa yawa a hannun mutane, kuma shi ya fi ƙarancin abin da yake ganewa. MP3 tabbas ne, WAV sau da yawa, WMA a wasu. M4A, Opus da AMR kuwa, a ɗauka ba zai karanta ba sai an gwada an ji da kunne. Abin da aka rubuta a kwali ba abin dogaro ba ne, domin kwali ɗaya ake bugawa ga na'urorin da cikinsu ya sha bamban.

Abu na biyu da ke kayar da shi tsarin katin ne. Kati daga 4 GB zuwa 32 GB yana fitowa da tsarin FAT32, na 64 GB zuwa sama kuma da exFAT, wanda yawancin waɗannan rediyoyin ba su san shi ba. Mutum ya ƙara kuɗi ya sayi babban kati, rediyo ya nuna kamar ba a sa komai ba. Maganin shi ne a kwashe abin da ke kan katin zuwa kwamfuta, a yi masa fomat zuwa FAT32, a mayar. Windows ba ta saba ba da zaɓin FAT32 ga katin da ya wuce 32 GB ba, sai an nemi ƙaramar manhaja irin guiformat ko Rufus. Wasu rediyoyin suna karɓa bayan haka, wasu ba sa karɓa. A ganina, ga wannan na'ura katin 8 GB ko 16 GB ya wadatar, domin ba ta da allon da za a yi bincike, kuma ba wanda zai danna maɓalli sau dubu yana neman waƙa ɗaya.

Sai batun jeri, wanda ya fi damun masu sauraren karatu. Da yawansu ba sa bin sunan fayil, suna bin yadda aka kwafa su ne cikin katin, na farko ya zama na farko. Shi ya sa ake jin Baƙara ta ƙare sai ga Yasin. A share katin tas, a sa wa fayilolin lamba mai gida uku, 001 zuwa 114, a jera su da suna a kwamfuta, a zaɓe su duka, a kama na farkon a ja su cikin katin a lokaci guda. In aka rubuta 1, 2, 3 ba sifili a gaba, har na'urorin da ke bin suna za su iya kawo 10 da 100 kafin 2. Haka kuma a gwada tun a shago: a kunna dogon fayil, a kai shi tsakiya, a kashe rediyon a sake kunnawa. In ya koma farko, mai sauraren tafsirin awa biyu zai sha wahala da shi.

iPod akasin wannan ne. Sautinsa da ƙirarsa ba a magana, amma ƙofarsa a ƙuntace take. Apple ya fito da shi a 2001, ya daina iPod classic a 2014, nano da shuffle a 2017, sannan iPod touch a 2022, wato duk wanda aka gani yau na hannu ne ko tsohon ajiya, batirinsa ya kwana biyu. Classic, nano da shuffle suna karanta MP3, AAC, WAV, AIFF da Apple Lossless, sai dai shuffle na farko-farko ba sa karanta Apple Lossless. Ba sa karanta WMA, FLAC ko Opus. Ba su da ramin memori. Babbar matsalar ita ce ba a jefa musu waƙa kamar filashi. In aka yi haka fayil zai zauna a ciki amma ba zai fito a jerin waƙoƙi ba, dole sai ta iTunes, manhajar Apple ta kwamfuta. In kuma aka haɗa shi da kwamfutar da ba ita ya saba da ita ba, iTunes na iya neman a share abin da ke ciki a zuba na sabuwar kwamfutar. Mai turin da bai san wannan ba ya danna amincewa, tarin shekaru ya tafi. Ga wanda ba shi da kwamfutar kansa, iPod jidali ne. A ƙara da cewa classic faifai ne mai juyawa a cikinsa, ba ya son faɗuwa ko girgizar hanya, kuma wayar cajinsa mai faɗin baki ba kowane shago ke da ita ba.

Walkman na Sony sai an duba zamaninsa. Na farkon shekarun 2000 an gina su ne a kan tsarin Sony na kansa mai suna ATRAC, ana zuba musu waƙa ta manhajar SonicStage. NW-HD1 na 2004 ma da ya fito ba ya kunna MP3 kai tsaye. Irin waɗannan in an gan su cikin kayan hannu a bar su, komai arharsu. Daga wajen 2007 Sony ya saki wannan hanya, ana kwafa fayil kai tsaye. Ƙaramin NW-E394 yana karanta MP3, WMA, AAC da WAV, amma ba ramin memori. NW-A55 yana da rami, ya ƙara da FLAC, Apple Lossless da wasu, sai dai bakin cajinsa na Sony ne kaɗai, in wayar ta ɓata an shiga nema. NW-A306 na 2023 Android ne a ciki da bakin USB-C, ana iya sa masa manhajar VLC ya kunna komai har Opus, amma kuɗinsa ya kai na waya mai kyau.

SanDisk Clip shi ne na tsakiya da ba a cika yi masa adalci ba. Ɗan ƙarami ne da ake maƙalawa a aljihu, Clip+ da Clip Sport suna da ramin memori, ana kwafa musu fayil kamar filashi. Clip+ na 2009 yana karanta MP3, WMA, FLAC da Ogg Vorbis, amma ban da AAC, wato M4A ba zai yi ba. Clip Sport da ya biyo baya yana karanta AAC, sai dai jerin waƙoƙinsa yana tsayawa a wajen fayil 2,000 daga kati. Masu hannu a gyara sukan sa wa Clip+ da iPod classic manhajar Rockbox, wadda ke buɗe musu Opus, ta buɗe wa iPod FLAC, ta kuma raba shi da iTunes. Ba ta hawa Clip Sport.

Kuskuren da ya fi yawa wajen gyara shi ne canza wutsiyar suna, a goge .opus ko .m4a a rubuta .mp3. Wannan daidai yake da a zuba gero a buhu a rubuta shinkafa a jiki. Waya za ta ci gaba da kunnawa domin cikin take dubawa, rediyo kuwa zai gwada ya kasa ya tsallake. Sai an juya fayil ɗin da gaske. A VLC na kwamfuta, a shiga Media, sai Convert / Save, a ɗauko fayil, a zaɓi Audio - MP3, a ba shi suna, a danna Start. Mai fayiloli da yawa ya yi amfani da fre:ac ko Format Factory.

Wajen juyawa a zaɓi 44.1 kHz da gudu tsayayye, wato CBR, domin gudu mai sauyawa, wato VBR, yakan sa ƙananan na'urori su nuna tsawon da ba daidai ba ko su rikice in ana turawa gaba. Ga magana zalla, 64 kbps mono ya isa: awa ɗaya kusan 29 MB, tafsirin zama talatin na awa bibbiyu bai kai 2 GB ba. Ga waƙa, 128 kbps yana cin kusan 1 MB a minti, 320 kbps kuma 2.4 MB. Juya saƙon WhatsApp zuwa 320 ɓarnar wuri ce, abin da aka riga aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa. Inda FLAC ke da amfani shi ne ga mai kwafo tsoffin kasakasan makaɗan fada da na noma: kaset mai minti 90 a WAV yana cin kusan 950 MB, FLAC ya rage shi zuwa wajen rabi ba tare da ya taɓa sautin ba. A ajiye wannan a kwamfuta, a fitar da MP3 don yawo. Abin da aka sauke cikin Spotify ko Apple Music don saurare ba intanet kuwa a kulle yake, ba ya juyuwa, ba ya kwafuwa.

In fayilolin farko suna yi, na ƙarshe ba sa yi, a zargi katin. Jabun kati yakan nuna 32 GB alhali ainihinsa kaɗan ne, duk abin da ya wuce iyakarsa sai ya lalace. Manhajar H2testw tana cika katin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Sunaye masu ɓ, ɗ, ƙ ko rubutun Larabci kuma sukan fito a matsayin akwatuna a ƙananan allo, gara a rubuta su da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

Ga mai karɓar turi a kasuwa ko daga WhatsApp, rediyo mai memori da katin FAT32 cike da MP3 ya fi masa kwanciyar hankali, musamman mai batirin BL-5C ko 18650 da ake cirewa a sauya in zafin bazara ya kumbura shi. Mai son iyafis da zaɓen waƙa da suna ya nemi SanDisk ko Walkman mai rami. Kowanne za a saya, a je shago da katin gwaji mai fayil biyar, MP3, M4A, Opus, WMA da FLAC, a kunna su ɗaya bayan ɗaya kafin a miƙa kuɗi.