Hanyar Gaya da ɗanɗanon zoɓo

Ɗiyar Gwaggo za a kai ɗakin miji a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, shi ne muka cika mota daga Birnin Kebbi da sassafe, lokacin kaka ta yi nisa, iskar hunturu ta fara busawa. Muka wuce Kalgo, muka wuce Bunza, fadamun shinkafa suna bin mu hagu da dama. Da muka miƙe hanyar Kamba sai ƙasa ta koma jigawa. An yanke gero an kwashe, ba abin da ya rage a gonaki sai kara, amma a bakin iyakar kusan kowace gona akwai layin yakuwa tsaye, jajir, ba a taɓa ta ba tukuna.

Direba ya tsaya duba taya a wani ƙauye, ni kuma na ƙarasa wajen wasu mata da ke zaune a inuwar darbejiya, kowace da tarin zoɓo ɗanye a gabanta. Aikin ɓarewa suke yi: a tsaga jan kunnen da farce, a fitar da ƙwallon da ke ciki, a jefa kunnen a tabarma ya sha rana. Yatsunsu duk sun rine, kuma ƙwallon yana da ƙaiƙayi, shi ya sa wata ta naɗe babban yatsanta da tsumma. Ba a zubar da komai. Ganyen, wanda mutanenmu na nan ke kira sure, na miya ne da kwaɗo. Gurguzun da ke cikin ƙwallon shi ake dafawa a rufe ya ruɓa, ya zama daddawar batso. Na ce da babbarsu, "Inna, wanne ya fi kyau a cikin waɗannan?" Ta ɗauko wani mai duhu, mai kauri, ta ce wannan shi ne mai kala, ta ɗauko wani ja mai haske ta ce wannan shi ne mai tsami. Gona ɗaya suka fito.

A Kamba muka yi azahar a gidan dangi, Gwaggo ta buɗe jarkar zoɓon da ta kwana tana haɗawa. Irin namu ne na gida: an tafasa shi da citta da kanumfari da kimba da ɓawon abarba, an jefa ɗan guntun kanwa don ta kashe tsamin. Kanwar ce ke juya launinsa ya yi duhu har ya kusa baƙi. Yana da kauri, yana da yaji, idan ka sha sai ka ji shi a maƙogwaro. Da shi na tashi, har na ɗauka haka Allah Ya yi zoɓo.

Tsakanin Kamba da Gaya tafiyar ba ta da wani tsawo, in ban da tsaye-tsayen kan iyaka. Hausa dai ce ake ji a kasuwa, haɗe da Zabarmanci da Dandanci, kuɗi ne kawai suka koma sefa. Amma zoɓon da aka tarbe mu da shi a gidan ango daban yake. Bisab suke ce masa. Ja ne garau, kana hango gindin kofi, ba citta ba kanumfari, sai ƙamshin na'ana'a da sukari mai yawa, ga sanyin ƙanƙara. Gwaggo ta kurɓa ta ajiye, ta ce a hankali, "Wanga ai ruwa na." Ni kuwa sai da na nemi ƙari, don ranar na fara jin ɗanɗanon furen shi kansa, ba kayan yaji a kansa.

Da daddare aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Akwai wani dattijo, kawun ango, wanda ya yi shekaru a Sudan, a cikin Hausawan da kakanninsu suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Maiwurno. Da ya ji ana gardamar zoɓo sai ya gyara zama. Ya ce a can karkade ne sunansa, kuma wanda aka fi ji da shi daga yankin Kurdufan yake fitowa, ƙasar yashi mai ƙarancin ruwa. Da yawansu ba sa ɗora shi a wuta, jiƙa shi suke yi a ruwan sanyi na wasu awoyi, su tace, su sa sukari, shi ke nan, musamman da azumi. In sanyi ya sauko kuma a sha shi da zafi a ƙaramin kofi, yadda ake shan shayi. Na ce, "Baba, ba ya yin salam?" Ya ce, "Ɗiyata, wuta ce ke korar ƙamshinsa." Washegari na jiƙa kaɗan a kwano na gwada, kuma gaskiyarsa ce: tsamin ya fi taushi, launin ya fi haske.

Yayana, wanda ya karanci aikin gona, ya ƙara mana da na wasu ƙasashen. A Senegal, in ji shi, har iri biyu suke haɗawa da gangan, ɗaya don kala ɗaya don tsami, daidai abin da Inna ta nuna mini a hanya. Mutanen Gana sun fi kusa da mu, sobolonsu cike yake da citta da kimba. A Jamaika abin shan Kirsimeti ne. A Meziko kuwa, inda zoɓon Najeriya da yawa ke tafiya, ruwa da sukari ne kawai, wani lokacin da lemon tsami, a sha da abincin rana.

Sai ya kawo misalin da ya tsaya mini a rai. Ya ce Turawa suna da wani baƙin inabi da suke yin jar giya da shi, abin da ba shanmu ba ne, amma yadda suka ɗauki nomansa abin lura ne. Iri ɗaya ne, a arewacin kwarin kogin Ron na Faransa suna kiransa Sira, a kwarin Barosa na Ostareliya suna kiransa Shiraz. Inda ake da sanyi yakan fito da tsami da ƙamshin masoro, inda rana ta fi zafi yakan nuna sosai, ya fi zaƙi da nauyi. Saboda haka suke rubuta sunan yankin, wani lokacin har sunan gonar, a jikin kwalba, kuma farashin yana bin sunan.

Wannan maganar ta dame ni, don mu ma muna da wannan bambancin, ba mu dai ba shi suna ba. Zoɓon jigawar Dandi, wato yankin Kamba, ba zai zama ɗaya da na jihar Jigawa ko na Katsina ba, matan da ke ɓare shi sun san haka da yatsunsu. Sannan abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda masu sayarwa a birni suka koma zuba garin ɗanɗano na leda da kala, har ba ka gane wane zoɓo ne a ƙarƙashi.

A hanyar dawowa na tarar da wani dillali a Kamba ana ɗinke masa buhuna. Na leƙa wanda ba a rufe ba: mai duhu da mai haske, na wannan ƙauye da na wancan, duk an cakuɗe. Na ce, "Alhaji, ina za a kai?" Ya ce Kano, daga nan a tsince shi a kai tashar jiragen ruwa ta Legas. Na tambaye shi ko masu saye suna neman sanin garin da ya fito. Ya ce abin da suke dubawa shi ne ya bushe sosai, babu ƙasa, babu ƙwari. Na sayi mudu biyu a wajen wata mata da ke gefensa, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, na roƙe ta ta ɗaure mini su a leda daban-daban, direba yana ta danna mana oda.