Takunkumin da ya raba ni da Oga

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin sito na fito, bayan shekara uku ina ɗaukar tukwanen iskar masu nutso a bakin wani kwamin ninƙaya a Kaduna. Abokan aiki sun san labarin, amma daga bakin Oga suka ji shi, don haka ga nawa.

Ba mu da teku a Kaduna. Masu zuwa wurinmu ko dai masu hali ne da ke son sabawa da kayan nutso kafin su je hutu Bahar Maliya a Masar, ko kuma samarin da ke son aikin ceto idan Kogin Kaduna ya cika ya batse a Agusta da Satumba. Saboda samarin nan aka ce an sayo takunkumi huɗu masu rufe fuska gaba ɗaya, ƙirar Ocean Reef ta Italiya. A ruwa mai laka da ƙazanta kam yana da rana: ido da hanci da baki duk a rufe, mutum na numfashi ta hanci kamar yana kan tudu, ko suma ya yi abin numfashin ba zai suɓuce masa ba.

Sai dai abin yana da kyau a hoto, kuma nan ne ya ci Oga. Ya ce daga yau sabon shiga ma da shi zai fara, tunda manyan mutane na ƙyamar cizon robar bututun numfashi da wani ya ciza. Na san akwai gyara. Na ce, "To, Oga."

Mutumin da abin ya faɗa kansa daga Unguwar Rimi yake, mai natsuwa, ga gemu cike da fuska masha Allah. Ranarsa ta farko ke nan a ruwa da tukunya a baya. Robar gefen takunkumin so take ta kwanta a kan fata, gemu kuwa ɗaga ta yake. Na ja maɗauran har suka yi masa shaida a kumatu, duk da haka ina ganin ƙananan kumfa na tsiyaya ta gefen haɓa. Akwai kuma 'yan robobi biyu a ciki da ake saitawa daidai ƙofofin hancin mutum tun a waje. Ban saita ba. Oga na tsaye da waya yana ɗaukar bidiyo, yana cewa, "Ku shiga mana, rana na tafiya."

Duk mai nutso ya san ruwa na matsa kunne tun daga mita biyu, maganinsa a toshe hanci a hura a hankali. Da ƙaramin tabarau na nutso, mai rufe ido da hanci kawai, yatsa biyu sun isa. Da wannan kuwa hancin na bayan gilashi, sai dai a tura takunkumin har robobin su toshe shi. Muna kaiwa mita uku na ga ya kai hannu hanci, yatsunsa suka ci karo da gilashi. Ya tura, ya murɗa, ruwa ya shiga ta wurin gemu. Idanunsa suka fito. Kafin in kai gare shi ya fizge abin gaba ɗaya.

Mai ƙaramin tabarau idan ya cire, iskarsa na nan a baki. Mai wannan, gani da numfashi tare suke tafiya. Na cusa masa bututun iska na ko-ta-kwana a baki, mai launin rawaya, amma bawan Allah bai taɓa shaƙar iska ta baki hancinsa na buɗe a ruwa ba. Ya shaƙi ruwa, ya tofar, ya yunƙura sama ya riƙe numfashi. Iskar da aka shaƙa daga tukunya a mita uku tana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku kafin a iso sama, kuma hakan ya isa ya yaga huhu. Na cafki rigarsa na rataya a jikinsa don in rage masa gudu. Muka fito yana tari, hanci na jini. Hoton ƙirji ya nuna lafiya, alhamdulillahi.

Da yamma Oga ya tara mu. "Wa ya ɗaura masa?" Na ce ni ne. Ya ce, "To kun ji." An yanke min rabin albashi. Ba wanda ya tuna cewa takardar nutsona ta matakin farko ce, ta sauka zurfin mita 18, ba ta koyarwa ba, kuma mai takardar koyarwar a bushe yake a waje da waya a hannu. Laifin robobin hanci nawa ne, na ɗauka. Sauran kuwa na bar shi da Allah.

Wanda zai gaje ni, ka fara wa kowa da ƙaramin tabarau, sai ya iya cire shi ya mayar a ƙasan ruwa ba tare da gabansa ya faɗi ba. Mai babban takunkumi kada ya shiga babu ƙaramin a aljihu. Ka riƙa duba agogon iska, don numfashi ta hanci daɗi gare shi, sai agogon ya sauka daga 200 zuwa 50 ba ka ankara ba. Kada ka ce wa kowa ya aske gemu, ba shi ƙaramin kawai. In an ce maka rana na tafiya, ƙyale ta ta tafi.

Bayan wata biyu mutumin ya dawo, kuma ni ya nema. Sati uku muka yi a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, yana cire tabarau yana mayarwa. Daga Masar ya turo min hoto, gemunsa na nan yadda yake. Ban nuna wa Oga ba.