Wasiƙa Daga Shikago Zuwa Ga Matasan Likitocin Haƙori Na Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan aiki. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, dalilin wannan wasiƙa shi ne tambayoyin da ƙannena a wannan sana'a suke ta aiko mini daga Kano da Maiduguri da Zariya da Sakkwato, waɗanda kusan dukkansu abu ɗaya suke son sani: yaya ake shirya wa jarrabawar da Amurka take yi wa likitocin haƙori, kuma shin karatunmu na gida ya isa mutum ya tunkare ta? Na ga ya fi dacewa in amsa wa kowa a wuri ɗaya. Zan yi magana a kan jarrabawar da takardunta, sannan in taɓo batun kuɗi.

Sunan jarrabawar INBDE, kuma wata hukuma mai suna JCNDE, wadda take ƙarƙashin inuwar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka a nan Shikago, ita take shirya ta. An fara ta a watan Agusta na 2020, ta maye gurbin tsohuwar jarrabawa mai kashi biyu, wadda a cikinta akan rubuta ilimin tushe shi kaɗai, irin su tsarin jikin ɗan Adam da sinadaran jiki da ilimin ƙwayoyin cuta, sannan daga baya a rubuta ilimin aikin asibiti. Yanzu an narke su wuri guda. Tambayoyi 500 ne a kan kwamfuta cikin kwana biyu, 360 a ranar farko, 140 a rana ta biyu, kuma ba a bai wa wanda ya ci maki, sai dai a sanar da shi cewa ya ci.

Kafin mutum ya kai ga ganin tambaya ko ɗaya, akwai takardu, kuma a nan nake roƙonku ku ba ni aron hankalinku, domin na ga wannan mataki ya cinye wa mutane lokacin da ya fi na karatun kansa. Da farko mutum zai buɗe lambar shaida da ake kira DENTPIN, wadda za ta bi shi a duk harkarsa ta haƙori a ƙasar nan. Bayan haka, tun da makarantunmu ba sa cikin waɗanda hukumar tantance makarantun haƙori ta Amurka, wato CODA, ta amince da su, dole ne a aika takardun digiri da na sakamakon kowace shekara zuwa wata cibiya mai suna ECE a birnin Milwoki, ta auna su, ta aika wa hukumar jarrabawa rahoto. Wannan a faɗe yana da sauƙi. Wahalar tana wajen fito da takardar sakamako daga jami'ar da mutum ya gama. Ni dai sai da wani ɗan uwana ya riƙa zarya da ƙafarsa daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba, ni kuma ina nan ba abin da zan iya sai kiran waya. Wanda yake gida yana iya zuwa da kansa, ya gaisa da ma'aikata, ya zauna a benci har a biya masa bukata. Wanda ya riga ya ƙetare teku ba shi da wannan dama.

Sai kuma batun suna, wanda ya fi shafarmu mu 'yan Arewa. Mutum ɗaya za ka tarar shi Muhammad ne a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Moh'd a ta digiri, a fasfo kuma an sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, ba mai tayar da jijiyar wuya. A nan kuwa, idan sunan da ke jikin katin shaidarka bai zo daidai da wanda ka yi rajista da shi ba, ma'aikacin cibiyar jarrabawa ba zai bar ka ka shiga ba, kuma ba ya da ikon yi maka alfarma ko da ya so. Mata da suka sauya suna bayan aure su ma wannan ya shafe su ƙwarai. Don haka duk mai wannan niyya ya baje takardunsa a gabansa tun yau, ya duba su harafi bayan harafi, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa idan akwai saɓani, ya kuma karɓi takardar sakamakonsa tun yana shekarar sanin makamar aiki ko bautar ƙasa, lokacin da malamai da ma'aikata ba su manta fuskarsa ba. Tun ran gini tun ran zane. Ku kuma sani cewa a cibiyoyin kamfanin shirya jarrabawa na Prometric da ke Amurka da Kanada ake zama wannan jarrabawa, ba a rubuta ta a Abuja ko Legas ko Yamai, kuma bayan an amince da rajistar mutum wa'adi ake ba shi ya zauna a cikinsa. Saboda haka kada kowa ya biya kuɗin rajista kafin ya tabbatar da halin da dokokin biza suke ciki, domin suna yawan sauyawa.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki game da jarrabawar, wanda kuma shi ne ainihin saƙona gare ku. Mun taso a tsarin da ake haddace darasi, a zuba shi a takarda, a wuce aji na gaba, har ya zama abin da muka koya a aji biyu game da hanta da ƙoda ya rabu da abin da muke yi a bakin majinyaci a aji shida. Wannan jarrabawa ba ta yarda da wannan rabuwa ba. Da yawa daga tambayoyin suna zuwa da ɗan akwati a gefe wanda ya ƙunshi shekarun majinyaci da abin da ya kawo shi da cututtukan da yake fama da su da magungunan da yake sha, wani lokaci har da hoton haƙoransa. Bari in ƙirƙiro misali irin nasu. Ga dattijo mai hawan jini da ciwon zuciya, yana shan amlodipine na hawan jini da warfarin mai tsinka jini, dasashinsa ya kumbura ya fara rufe haƙora, kuma akwai matauni ɗaya da ya ruɓe yana bukatar cirewa. Za a tambaye ka wane magani ne ya jawo kumburin, amsa kuwa amlodipine ne, kamar yadda phenytoin da cyclosporine su ma suke yi. Za a tambaye ka gwajin jinin da za ka nema kafin cirewa, wato INR, mai auna saurin daskarewar jini, da kuma dalilin da ya sa dakatar da maganin tsinka jini da kanka ya fi barin sa haɗari. Sannan a zo kan allurar kashe zafi: ga mai ciwon zuciya ana taƙaita sinadarin adiranalin da ke cikin allurar a kan miligiram 0.04, wato kimanin kwalba biyu ta lidocaine mai kashi 2 cikin ɗari da ake amfani da ita kullum. Wanda bai fahimci yadda adiranalin yake aiki a kan zuciya da jijiyoyin jini ba, hadda ba za ta fisshe shi ba idan aka ɗan juya tambayar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu kayar da gwani. A gida mun saba ƙidaya haƙora da tsarin lamba biyu ko kuma tsarin kusurwa huɗu, a nan kuwa ana ƙidaya su ne daga 1 zuwa 32, a fara daga mataunin ƙarshe na sama ta dama, a zagayo a ƙare a na ƙasa ta dama. Haƙori mai lamba 11 a wajenmu shi ne na gaba na sama ta dama, amma a wajensu fiƙa ce ta sama ta hagu, kuma wanda muke kira 46 shi ne 30 a nan. A sassan tambayoyi masu zaman kansu, mutum yana da minti 105 ne kawai ga kowace tambaya 100, don haka ba shi da sararin tsayawa yana ƙirga da yatsu. Dole ne sabon tsarin ya zauna masa a kai tun kafin ranar. Haka nan ƙa'idojin magani nasu ake tambaya, kuma na baya-bayan nan. Ga majinyacin da aka sa wa ƙyauren zuciya na roba, ana ba shi amoxicillin giram 2 minti 30 zuwa 60 kafin aikin da zai taɓa dasashi, kuma tun 2021 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta cire clindamycin daga jerin abin da ake bai wa wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin. Rabe-raben ciwon dasashi ma an sabunta su bayan taron 2017 zuwa matakai huɗu da darajoji uku. Wanda ya dogara da tsofaffin takardun da aka gada daga manyan aji zai amsa da tabbaci, kuma ya faɗi.

Ɓangaren ɗa'ar aiki da doka shi ma yana bukatar mutum ya sake tunani. A gida sau da yawa miji ko uba ko babban wa shi yake magana a madadin majinyaci, kuma shi muke yi wa bayani. A nan baligi mai hankali shi kaɗai yake da ikon amincewa ko ƙi, kuma dokar sirrin majinyaci ta 1996 ta taƙaita abin da za ka faɗa wa wani ba da yardarsa ba. Likitan haƙori kuma wajibi ne a kansa ya kai rahoto idan ya ga alamun cin zarafi a jikin yaro. Ina ganin akwai abin koyi a nan ko ga wanda ba zai taɓa barin gida ba, musamman wajen juyawa mu kalli matar da take kan kujera mu yi mata bayani ita da kanta.

Kada wannan ya sa ku raina abin da kuke da shi. Likitan da ya yi aiki a asibitin koyarwa a Arewa ya ga ƙarin muƙamuƙi irin ameloblastoma da idonsa, ya ɗaure karayar muƙamuƙi bayan haɗarin babur, ya kula da masu sikila, wani ma ya ga ciwon noma, wanda ke cin naman baki da fuska, a asibitin yara na Sakkwato, alhali ɗalibai da yawa a nan sai a hoto suke ganin waɗannan. Inda muke da gibi shi ne dashen haƙori, da tsofaffi masu shan magani bakwai ko takwas a rana, da magungunan ƙarfafa ƙashi irin alendronate waɗanda kan sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan cire haƙori, da kuma ilimin ƙididdiga da karanta sakamakon bincike. Shawarata ita ce ku mayar da asibitinku makaranta tun yanzu: duk majinyacin da ya zauna a gabanku, ku ce ya nuna muku ledar magungunansa, da dare ku karanta yadda kowane ɗaya yake aiki da abin da zai iya haifarwa a baki. Bayan haka ku riƙa amsa tambayoyin gwaji kullum, kuna bin dalilin da ya sa kowace amsa ta zama kuskure, kuma idan lokaci ya matso ku riƙa zama na awanni a jere, domin ranar farko ta haura awa takwas.

Ina kuma gargaɗinku game da tambayoyin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp da Telegram da sunan wai an tuno su daga ɗakin jarrabawa. Kowane ɗalibi yana sa hannu cewa ba zai fitar da tambaya ba, kuma hukumar tana da ikon soke sakamakon wanda aka samu da hannu a ciki. Ban da haka, cin amana ne, kuma amsoshin da ake liƙa musu sau da yawa ba daidai ba ne.

Abu na ƙarshe da ya zama dole ku sani kafin ku sayar da fili ko mota shi ne cewa cin wannan jarrabawa ba ya bai wa mutum lasisin taɓa majinyaci. A yawancin jihohi sai ya koma makarantar haƙori ta nan ya yi shekara biyu zuwa uku, bayan ya ci jarrabawar Turanci ta TOEFL, ya nemi gurbi ta CAAPID, tsarin neman shiga na likitocin da suka yi karatu a waje, ya yi ganawa da malamai, sau da yawa kuma ya nuna gwanintar hannunsa a kan haƙoran roba. Guraben kaɗan ne, masu nema daga Indiya da Masar da Fakistan da sauran ƙasashe suna da yawa, kuɗin makarantar kuma ya fi na jarrabawar nesa ba kusa ba. Bayan kammalawa akwai jarrabawar aikin hannu da lasisin jiha. Masu tunanin Ingila su kuma tasu jarrabawar daban ce, ana kiranta ORE.

Batun masauki da sanyi na bar shi sai wata wasiƙar, illa dai in ce wanda yake da zaɓi kada ya sa ranar jarrabawarsa a watan Janairu a Shikago, domin dusar ƙanƙara kan hana jirage tashi. A wasiƙa ta gaba, in Allah Ya yarda, zan yi bayanin gwajin hannu da irin kayan aikin da ya kamata mutum ya fara sabawa da su tun yana gida. Ku gaishe mini da malamanmu da ma'aikatan jinya.

Wassalam, naku ɗan uwa kuma abokin aiki.