Ga mai son fitowa uwa, kishiya ko dillaliya a fim

Yawancin ƴan matan da ke zuwa wurin gwajin wasa a gidan matasa na Maraɗi jaruma suke son zama. Ba laifi. Sai dai fim ɗaya jaruma ɗaya yake ɗauka, da wuya biyu, alhali yana bukatar uwa, da uwar miji, da kishiya, da gwaggo, da dillaliya, da maƙwabciyar da ke kai gulma ta katanga. Jaruma ƙuruciya ce jarinta. Mai fitowa a waɗannan matsayi kuwa tana iya cin abinci da su har furfura. Aikina ke nan, ƙanwata, kuma duk abin da zan ce kada ki yi, sai da na yi shi tukuna.

Ƙaramin matsayi ba ya yafiya. Jaruma tana da sin, wato fitowa, hamsin ko sittin, in ta ɓata uku sauran su rufa mata asiri. Ke huɗu gare ki, ko takwas in an yi miki karamci. Na daɗe ina zaton maganin wannan shi ne in ƙara gishiri a kowane sin don a tuna da ni. Ashe abin da ke sa a sake kiran mutum shi ne ya iya maimaita abu ɗaya sau biyar ba tare da ya sauya ba.

Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda ake kallonsa. Gida ake ara ko a yi haya na kwana ɗaya ko biyu, a tattara duk sin ɗin da ke faruwa a cikinsa a ɗauke. Ke da kike uwa, kusan duk aikinki a tsakar gida ɗaya yake. Da hantsi ki yi kukan mutuwar ɗanki, bayan azahar ki rangaɗa guɗar aurensa, da la'asar ki yi masa faɗa yana saurayi. Sau da yawa ma ba za ki ga labarin gaba ɗaya ba, takarda ɗaya za a miƙo miki, ko darakta ya faɗa miki da baki. Kafin ki tsaya gaban kyamara ki tambaye shi abu uku: me ya faru gab da wannan sin, me matar nan take son samu daga wanda take magana da shi, sannan ta riga ta ji sirrin da labarin ke ɓoyewa ko tukuna. Ta ukun ce na fi mantawa. In kika yi wa surukarki kallon tuhuma a sin ɗin da ba ki kai ga jin komai ba, kin tona ƙarshen fim tun a tsakiya, kuma ba za a farga ba sai wurin tacewa, inda ake yanka hotuna a harhaɗa, an riga an mayar wa masu gida gidansu.

Ki sayi ƙaramin littafi da bik, su zauna a jakarki. Kowane sin ki rubuta lambarsa, da ranar da yake a cikin labarin, da zanen da kika ɗaura, da gefen da ƙullin ɗankwali ya faɗa, da ƴan kunne, da hannun da ke riƙe da carbi. Ki sa a ɗauke ki hoto uku da salula: gaba, gefe, da hannuwa. A manyan ayyuka akwai mai kula da wannan, kontiniti ake ce masa, amma idonsa yana kan jaruma. A ƙananan ayyukan da muke yi nan gida babu shi sam. Abin da ya fi ba da kunya shi ne lalle. Baƙin zane yana kwaɗewa cikin mako biyu, jan lallen farce kuwa sai farcen ya tsiro ya ture shi, wata da watanni. In kina cikin shiri mai dogon zango, ko bikin ƙanwarki ake yi ki haƙura da ƙunshi, in ba haka ba mai kallo zai ga kin shiga ɗaki hannu fari kin fito da zane har gwiwar hannu. Zanen da kika riga kika fito da shi kuma kada ki kyautar, kada ki kai wa tela ya sauya masa ɗinki, sai an ce miki an rufe aiki. Ana iya kiran ki bayan wata biyu a sake rabin sin ɗaya.

Kaya galibi ke za ki zo da abinki. Yinin da ke da sin takwas yana cin sauyi biyar ko shida. Fari fat yana ƙonewa a rana, fuskarki ta yi duhu. Yadi mai ƙananan layuka a matse yana rawa a hoto. Sabuwar shadda mai sitaci tana ƙara a ƴar makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, haka awarwaro, haka silifa in kina jan ƙafa. In matar da za ki fito talaka ce, sabuwar atamfa mai layin ninki za ta ƙaryata ki kafin ki buɗe baki. Ki wanke ta sau uku ko huɗu ki shanya a rana, ko ki ba wata tsohuwa a unguwarku sabon zane ta ba ki nata da ya sha jiki. Wannan musaya ba ta taɓa ba ni asara ba.

Wadda ta taso a dandamali, kamar yawancinmu nan, tana zuwa gaban kyamara da kaya masu nauyi. A dandamali wanda ke layin ƙarshe kike yi wa wasa. Murya daga ciki take fitowa, hannu ya buɗe, jiki ya karkata ga jama'a ko da da abokin wasa kike magana. In aka fashe da dariya ki tsaya, ki bari ta fara sauka kafin ki ci gaba, don duk kalmar da kika jefa cikin dariya ta ɓata. Kyamara ba ta son ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da kyamara ɗaya ake yawan aiki, saboda haka sin ɗaya ana ɗaukarsa aƙalla sau uku: na nesa da ke nuna kowa, na tsaka-tsaki, da na kusa da ke cika fuska. In a na nesa kin ajiye ludayi daidai kan kalmar "wallahi", to a sauran ma kan "wallahi" za ki ajiye shi, da hannun da kika yi na farko. In kika saɓa, mai tacewa ba zai kira ki ya yi miki faɗa ba. Zai ɗora hoton a kan fuskar jaruma ya bar muryarki kawai tana tashi daga gefe. Sin ɗinki ne, amma ita za a gani. Don haka ki zaɓi motsi kaɗan, biyu ko uku a sin, waɗanda za ki iya riƙewa.

A hoton kusa, gyaɗa kai ɗaya yana fitar da goshinki daga allo. Ki tsayar da kai, ki bar ido ya yi aikin, ki dubi idon abokin wasanki da ya fi kusa da kyamara, kada ki riƙa yawo tsakanin idanunsa biyu. Wurin tsayawarki za a sa masa alama da ɗan dutse ko zane a ƙasa; ki ƙirga takunki zuwa wurin tun a gwaji don kada ki sunkuya nema. Kada ki hau kan maganar wani ko da faɗa ake, sai darakta ya ce a yi haka, domin murya biyu da suka haɗu ba sa rabuwa a wurin tacewa. In kin faɗi kalmar ƙarshe ki zauna cikin halin, ki ƙirga uku a zuci, har sai kin ji "kat".

Tsufa shi ne inda muka fi yin ƙarya. Ƴar shekara talatin za a ce ta fito kaka, sai ta ranƙwafa, ta sa murya na karkarwa, a barbaɗa mata hoda a gira. Je ki gidan suna ki zauna kusa da tsofaffi ki kalli yadda ɗaya take tashi daga tabarma. Sai ta fara jawo ƙafa ɗaya, ta dafa ƙasa da tafin hannu, ta ɗora ɗaya hannun a gwiwa, ta miƙe rabi, ta ɗan tsaya tana gyara bakin zane kamar abin da ya tsayar da ita ke nan, sannan ta ƙarasa. Muryarta kuwa garau, ta fi taki ƙarfi. Haka dillaliya: ba ta shigowa da maganar kaya. Sai ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ƙullin yana gefen cinyarta ba ta ko dube shi ba, har sai matar gida ta gaji ta ce "Hajiya, me kika taho mana da shi?" Wannan jinkirin shi ne dillaliyar. Awa ɗaya a babbar kasuwa kina kallo ta fi mako guda kina kwaikwayon wata ƴar wasa a talabijin.

Matsayinmu da faɗa da kuka yake tafiya, su kuma suna cin maƙogwaro, musamman da hunturu in ƙura ta sauko. Minti goma kafin a fara ki rufe baki ki yi gunji a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ki riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi. Ki tambayi darakta da wane hoto zai fara, ki ajiye cikakken ihunki sai na kusa, ki kuma gaya wa mai ɗaukar sauti kalmar da za ki ɗaga murya a kanta don ya rage, in ba haka ba sautin ya fashe a sake. In murya ta dishe, raɗa ba hutu ba ne, tana ƙara wahalar da ita. Shiru ne magani, in ta wuce mako biyu kuma ki ga likita. Man zafi a ƙarƙashin ido yana kawo hawaye, gaskiya ne, amma yana barin ido ja da kumburi har awa biyu, ga sin ɗin biki yana jiran ki. Ki roƙa a bar kuka ya zama na ƙarshe a yinin.

In aiki ya kai ki Kano, bakinki na Maraɗi dukiya ne, kada ki yar da shi. Amma ki tambaya tun farko matar ƴar ina ce. In Bakanuwa ce, "biyat" da "ɗiyata" da "lakkwal" za su kuɓuce miki daidai lokacin da faɗa ya yi zafi, a sake ɗauka kowa yana kallon ki. In kuma an ce ki yi harshen gida, ki lura ko don matar ake so ko don a yi wa mutanenmu dariya. Na biyun ina ƙin sa yanzu. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana bukatar ƴan wasa su yi rajista, ki gama da wannan kafin ranar aiki.

Maganar kuɗi kunya ce ta cuce ni, ba wani ba. Kafin ki hau mota ki san ko da sin za a biya ko da yini, wa zai biya kuɗin mota da abinci da makwanci, da naira ne ko da sefa, in naira ce a kan canjin wace rana. Jaka goma da aka yi alkawari da baki tana iya zama bakwai kafin ki wuce Ɗan Isa. Ki nemi rabi kafin a fara, ki sa a turo miki sharuɗɗan a WhatsApp, ko da saƙon murya ne, ki adana. Ki tambayi nawa ne in aka sake kiran ki gyara. A 2022 Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru tana fitowa uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa ƴan dubban naira ƙalilan ake sallamar ta da su. Wasu furodusoshi sun musa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ko wa ke da gaskiya, rubutu da ya raba gardama. Kada kuma ki jingina da Kano kaɗai: an rufe iyakar Nijar da Najeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023. Wasan rediyo, da wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyi ke kaiwa ƙauyuka kan rigakafi da tamowa, su suka riƙe da yawa daga cikinmu a lokacin. Duk wanda ya ce ki biya kafin a ba ki matsayi, ko ki zo gwaji ke kaɗai a ɗakin otal, ba fim yake yi ba.

Saura abin da ba a biyan ki a kansa. In kin iya muguwar kishiya, mutane za su ɗauka halinki ne. Zalika Sule, wadda ta fara fim a Yamai a 1966, ta kuma fito a fim ɗin Umaru Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ta sha tsangwama a gari saboda matan banzan da take fitowa a matsayinsu. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, har ta rasu a 2024 da yawa da fuskar mugunta suka san ta. Saboda haka ki zauna da iyayenki, ko maigidanki, ki faɗa musu irin matar da za ki fito tun kafin su gani a salular maƙwabta. Ki ji kalmomin da za a sa a bakinki tun a gida. In akwai ashar ko tsinuwar da ba za ki iya ba, a nan za ki ce a sauya, ba bayan an kunna injin wuta mutum ashirin suna jira ba. In aka ba ki muguwa sau biyu a jere, ki karɓa, amma ki nemo wa kowacce dalilinta. Ɗaya tsoron talauci ke cin ta, sai ta riƙa ƙirga komai da ido, har tsokar nama a tukunya. Ɗaya kuma an taɓa wulaƙanta ta ne tana amarya, ita ba ta ɗaga murya ko kaɗan, murmushi take yi in za ta cuce ki.