Abin tayar da babur da na haɗa da kayan Panteka

Babur ɗin da Baba ya bari BSA B33 ne, ƙirar Ingila, mai silinda ɗaya da ƙarfin 500cc. Tun 1960 kamfanin ya daina yin irinsa. Duk wanda ya taɓa buga kik ɗin irin wannan babur ya san halinsa: in ka kuskure lokaci sai ya dawo maka da ƙafa da ƙarfi. Ni sai da na yi mako biyu ina ɗingishi. Turawa kuwa, yaran unguwa sun tura har sun fara gudu in sun hango ni.

A nan na yanke shawarar haɗa abin da masu baburan tsere suke amfani da shi: bututun ƙarfe biyu kwance a jere, a ɗora tayar baya a tsakaninsu, kik ɗin mota, wato na'urar lantarkin da ke tayar da injin mota, ya juya su, su kuma su juya tayar.

Na shiga tsohuwar Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa a Kaduna, da safe. Na samo kik ɗin wata tsohuwar motar dizal, boris huɗu, guntun bututu mai kauri, ƙarfen angul, da cen da sifaket na babur da aka yar. Mai waldan da ya haɗa min firam, dattijo ne, ya duba zanena ya ce, "Ɗana, wannan bututun naka sumul yake, taya ba za ta kama ba." Ban saurare shi ba. Ranar gwaji bututun ya yi ta juyawa a ƙarƙashin tayar, sai warin roba kawai. Na koma na ce, "Baba, gaskiyarka." Ya bi jikin bututun da layukan walda a tsaye, tazarar yatsa biyu, ya goge kaifinsu.

Babban kuskurena shi ne alkibla. Na gama ɗaure komai, na taka makunni, sai ga taya tana juyawa da baya. Na ce ai abu mai sauƙi ne, na sauya wayoyin batir. Babu abin da ya canza. Irin wannan tsohon kik ɗin, wayar da ke jikinsa da wadda ke kan abin da yake juyawa a haɗe suke, don haka in ka juya batir duka biyun suke juyawa, alkiblar ta zauna yadda take. Dole na yanke maɗaurin, na mayar da kik ɗin ɗaya gefen. Kwana biyu suka tafi a kan abin da minti ɗaya na gwaji a ƙasa zai nuna min.

Waya ma ta koya min hankali. Kik yana jan wuta mai yawan gaske daga batir mai bolt 12, siririyar waya nan take take ɗaukar zafi. Na sa kebul mai kauri irin na walda, na bar makunnin ƙafa yana kunna salanoyid kaɗai, wato makunnin da ke sakar wa kik babbar wutar batir. Kuma ba na barin kik ɗin ya wuce daƙiƙa goma yana aiki, domin ba a yi shi don dogon gudu ba.

Yanzu nakan hau, in sa giya ta biyu, in riƙe kuloci da birkin gaba, in taka. Idan taya ta ɗauki gudu sai in danna nauyina a kan sit, in saki kuloci. Magineto, abin da ke ba fulogi wuta, yana son gudu kafin ya ba da wuta mai kyau, abin da ƙafata ba ta iya ba shi ke nan. Da injin ya kama, sai in sake riƙe kuloci maza-maza.

Abin da ya fi yi min daɗi ban ma yi tunaninsa da farko ba. In babur ya daɗe a ajiye, nakan cire fulogi in juya injin har in ga mai yana dawowa cikin tankinsa, sannan in mayar. Ranar da ya fara tashi, Inna ta leƙo daga cikin gida, ta tsaya a bakin zaure tana saurare, ta ce haka yake ƙara lokacin da Baba yake dawowa daga aiki.